Me ke sa alkama ta fid da kai a lokacin da take fitarwa? Tambayoyi da amsoshi ga manoman rani na Gombe da Bauchi

Da zarar an kwashe shinkafa an fara gyaran fangali a Dadin Kowa da Balanga da fadamun kogin Jama'are, tambayoyin masu noman alkama kusan iri ɗaya ne: wane iri za a shuka, yaushe za a shuka, kuma me ya sa gonar wane ta cika buhu ta wane kuwa ta tashi da ƙaiƙayi alhali taki ɗaya suka zuba. Yawancin amsoshin suna komawa wuri guda. Sanyinmu gajere ne, alkama kuwa tana da ƙwayoyin gado da ke tsara mata ranar fid da kai. Idan ranar ta faɗo cikin sanyi an ci riba, idan ta faɗo cikin bazara sai haƙuri.

Mene ne ƙwayoyin gado, kuma ina ruwansu da ranar fid da kai?

Ƙwayoyin gado su ne umarnin da tsiro ke gada daga iyayensa, a rubuce cikin kowane ɗan ɗaki na jikinsa. An jera su a kan wasu zare-zare da masana ke kira kuromosom. Alkamar burodi tana da kuromosom 42, domin asalinta ciyayi uku ne suka haɗu suka zama tsiro ɗaya, kowace ta kawo nata rukuni. Ana kiran rukunan A da B da D. Shi ya sa kusan kowace ƙwayar gado a alkama kwafi uku gare ta, kuma za ka ga ana rubuta sunayensu da ɗaya daga cikin haruffan nan. Alkamar taliya, wato durum, tana da 28 ne kawai, ba ta da rukunin D.

Alkama ba ta fid da kai don kawai ta yi tsawo. A gindin kowane kara, ƙasa-ƙasa, akwai wani ɗan tsiro mai laushi da ke ƙera ganye ɗaya bayan ɗaya. Wata rana sai ya daina ƙera ganye ya koma ƙera zangarniya. Ƙwayoyin gado ne ke yanke ranar wannan juyi, kuma abu uku suke saurara: sanyin da tsiron ya sha, tsawon yini, da yawan ɗumin da ya tara tun ranar shuka. Rukunin da ke kula da sanyi sunansa Vrn, na tsawon yini Ppd, na ukun kuma Eps.

Wani ya sayi alkama a kasuwa ya shuka, ta yi ganye shar har Maris amma babu kai ko ɗaya. Me ya faru?

Mafi yawan lokaci alkamar ƙasashen ƙanƙara ya shuka. Najeriya tana shigo da miliyoyin tan na alkama duk shekara daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Rasha, kuma wani kaso mai yawa nata irin da ake shukawa gab da lokacin ƙanƙara ne, ta kwana a gona watanni, sannan ta fid da kai bayan sanyi ya wuce. Irin wannan ba za ta yi ciki ba sai ta sha sanyi na gaske, tsakanin digiri 0 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon mako 4 zuwa 8. Wannan kariya ce gare ta, don kada ta fid da kai ƙanƙara ta ƙone shi.

Ga yadda abin ke aiki a ciki. Akwai ƙwayar gado mai suna VRN3, wadda ke sa ganye ya aika saƙo zuwa gindin kara cewa lokacin fure ya yi. Wata kuma, VRN2, aikinta danne VRN3. Sanyi mai tsawo yana tayar da ta ukun, VRN1, a hankali mako bayan mako, ita kuma idan ta yi ƙarfi sai ta kashe VRN2, hanya ta buɗe. A alkamar da muke nomawa, VRN1 a tashe take tun daga tsiro, ba ta jiran sanyi. Kwafinta uku suna kan kuromosom 5A da 5B da 5D, kuma kwafi ɗaya mai halin rashin jira ya isa ya mayar da iri na ƙasar zafi. Ayarin Jorge Dubcovsky na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ne suka gano ainihin VRN1 a 2003, VRN2 a 2004, VRN3 kuma a 2006.

Sanyin hunturu a Gombe, wanda ke sa mutane jin wuta da asuba, yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 15, da rana kuma ya haura 30. Ga alkamar ƙanƙara wannan ba komai ba ne. Za ta yi ta 'ya'ya da ganye tana kwance a ƙasa har zafi ya cinye ta. Taki ba ya gyara wannan, ruwa ba ya gyarawa. Duk alkamar da ba a san asalinta ba, a niƙa ta a ci, kada a shuka.

To duk irin da ba ya jiran sanyi ɗaya suke?

A'a, kuma nan ne masu ƙirƙirar iri ke samun abin wasa da shi. Kwafin da ke kan 5A, nau'in da ake kira Vrn-A1a, shi ya fi ƙarfi: irin da ke ɗauke da shi ba ruwansa da sanyi sam, kuma yakan yi saurin fid da kai. Irin da ke dogara da Vrn-B1 ko Vrn-D1 kaɗai yana da ɗan sauran kwaɗayin sanyi. Zai fid da kai ko bai samu ba, amma yakan ɗan jinkirta da wasu kwanaki. A shekarar da hunturu ya yi ƙarfi ba za ka ga bambanci sosai ba. A shekarar da sanyi ya yi rowa, irin nan na biyu na iya ja da baya, ya shiga zafin Fabrairu.

Ana cewa alkama tana auna tsawon yini. Mu da dare da rana kusan daidai suke, ina abin ya shafe mu?

Ya shafe mu ƙwarai. Manomin Hausa ya san wannan hali tun kaka da kakanni, ko da bai san sunansa ba: gero yana ƙirga kwanakinsa ne ya nuna, maiwa da dawa kaura kuwa, ko ka shuka da ruwan farko ko ka makara, sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina suke fid da kai. Tsohuwar alkamar Turai haka take, sai dai a juye. Ita yini mai tsawo take jira, awa 14 ko fiye. A Ingila yinin watan Yuni yana wuce awa 16. A Gombe da Bauchi, da ke wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, yinin Disamba kamar awa 11 da rabi ne, kuma ko a Yuni ba ya kai awa 13. Alkama mai jiran dogon yini idan ta zo nan za ta fid da kai daga ƙarshe, amma da jinkirin makonni, lokacin da bazara ta riga ta kankama.

Ƙwayoyin Ppd suna kan kuromosom 2A da 2B da 2D. Mafi tasiri ita ce Ppd-D1. A nau'in da ake kira Ppd-D1a, wani yanki na rubutun gadon mai harafi kimanin 2,000 ya ɓace daga wurin da ke kunna ta da kashe ta. Sakamakon haka tana aiki ko yini gajere ne, tana ingiza VRN3 ta aika saƙon fure. Masana na Cibiyar John Innes a Ingila ne suka bayyana wannan a 2007. Kusan duk alkamar da ke yin kirki a ƙasashen zafi tana da wannan hali na rashin damuwa da tsawon yini, daga Ppd-D1a ko daga 'yan'uwanta na 2A da 2B.

Daga ina wannan hali ya shigo irin da muke shukawa?

Hanya biyu aka fi sani. A farkon ƙarni na 20 wani masanin Italiya, Nazareno Strampelli, ya haɗa alkamar Turai da wata ta Japan mai suna Akakomugi, don ya samu irin da zai nuna kafin zafi da cutar tsatsa su same shi. Ta nan Ppd-D1a ta bazu a kudancin Turai.

Ta biyun ita ta fi kusa da mu. Norman Borlaug, masanin aikin gona ɗan Amurka, yana aiki a Meziko tun shekarun 1940, ya riƙa noma alkama sau biyu a shekara don ya rage lokacin fitar da sabon iri: da sanyi a Obregon, can arewa kusa da teku, da damina kuma a Toluka, a kan tsauni mai tsayin mita 2,600 da wani abu. Wuraren biyu sun bambanta a tsawon yini da zafi. Duk tsiron da ke jiran dogon yini sai ya faɗi a ɗaya daga cikinsu, aka zubar da shi. Abin da ya rage shi ne irin da ke yi a ko'ina. Wannan aiki ne ya haifi CIMMYT, cibiyar duniya ta inganta masara da alkama, a 1966, Borlaug kuma ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta gwada ta fitar wa manoma, kamar Atilla Gan Atilla da Norman da Reyna-28, daga zuriyar da CIMMYT da takwararta ICARDA, mai binciken noma a ƙasashen da ruwa ya yi ƙaranci, ke rabawa suka fito. Cibiyar ta Maiduguri ita ke da alhakin binciken alkama a Najeriya.

Idan duka irinmu ba sa jiran sanyi ko dogon yini, me ya sa wani ke riga wani? Kuma me ya sa iri ɗaya ya yi kwana 90 bara, bana ya nuna a 80?

Tambayar farko amsarta Eps ce. Waɗannan ƙananan ƙwayoyin gado ne masu yawa, kowace tana ƙara ko rage kwana ɗaya zuwa uku ko huɗu. Ba su yi suna kamar Vrn da Ppd ba, amma a wurinmu, inda manyan biyun an riga an kwance su, su ne ke raba iri da iri.

Ta biyu kuwa, alkama ba kwana take ƙirgawa ba, ɗumi take tarawa. Lissafin mai sauƙi ne. Ɗauki zafi mafi yawa na yini da mafi ƙanƙanta na dare, ka haɗa, ka raba biyu. Ranar da ta kai 30 da rana ta sauka 14 da dare ta ba da 22. Haka za ka yi ta tarawa kullum. Kowane sabon ganye yana cin kimanin 100 na wannan tari, irin namu kuwa yakan yi ganye 7 zuwa 9 a uwar kara kafin kai ya fito. A ce iri yana buƙatar 1,200 kafin ya fid da kai. Idan matsakaicin yini 21 ne, zai ci kwana 57. Idan 26 ne, kwana 46 kacal. Kwana 11 sun tafi, kuma a cikin waɗannan kwanakin ne da tsiron zai ƙara 'ya'ya, ya zurfafa saiwa, ya ƙera zangarniya mai tsawo. Don haka adadin kwanakin da aka rubuta a jikin buhun iri ba alkawari ba ne. Gaskiya ne kawai idan an shuka a kan lokaci.

Wanne ya fi amfanin gona, mai saurin nuna ko mai jinkiri?

Ba ɗaya daga cikinsu. Amfanin alkama abu uku ne ake ninkawa: yawan kai a murabba'in mita, yawan ƙwaya a kowane kai, da nauyin ƙwaya. Kowanne yana da lokacin da ake yanke masa hukunci.

Yawan kai ana samunsa ne a makonni uku zuwa biyar na farko, lokacin 'ya'ya. Tsawon zangarniya ana ƙera shi ne tun tsiron bai kai gwiwa ba, a ɓoye cikin kara. Zangarniya mai kyau tana da gidaje 15 zuwa 20, kowane gida yana fara furanni 8 zuwa 10, amma biyu zuwa huɗu ne kawai ke zama ƙwaya, sauran su mutu tun kai bai fito ba. Nawa za su rayu ya dogara da abincin da tsiron ya samu daga kimanin kwana 20 kafin bununi zuwa kwana 10 bayansa. Wannan wata guda shi ne zuciyar noman alkama. Ƙishirwa, ƙarancin taki ko zafi a cikinsa ba a rama su daga baya. Zafin da ya haura digiri 30 a lokacin ciki da bununi yana lalata garin fure, sai ka ga zangarniya da gidajen sama da na ƙasa fayau. Nauyin ƙwaya kuma yana zuwa ne a wata guda na ƙarshe. Zafi yana sa ƙwaya ta yi saurin cika amma yana datse kwanakin cikar fiye da haka, idan kuma ya wuce 35 sinadarin da ke ƙera sitaci a cikinta yana raunana. Ƙwayar sai ta fito a tsamure, bayanta a yamutse.

Irin da ya cika sauri yana tsere wa zafi amma ya tafi da guntun kai da 'ya'ya kaɗan. An san cewa Ppd-D1a kanta tana rage yawan gidajen zangarniya, wannan shi ne kuɗin da ake biya don samun sauri. Irin da ya cika jinkiri kuwa yana gina jiki mai kyau, ganye har ya burge mai wucewa, sannan ya zo cika ƙwaya a watan Maris.

Ga lissafi don a ga girman abin. Gona mai kai 350 a murabba'in mita, ƙwaya 35 a kai, nauyin ƙwaya 1,000 giram 38, za ta ba da giram 465 a mita, wato kimanin tan 4.6 a hekta, buhu 46 na kilo 100. Wadda zafi ya kama, mai kai 300, ƙwaya 28, nauyi giram 30, giram 252 za ta ba da, buhu 25. Kowane ɓangare ɗan kaɗan ya ragu, amma da aka ninka sai kusan rabi ya tafi. Binciken da ya haɗa ƙasashe da yawa ya nuna ƙarin digiri ɗaya a matsakaicin zafi yana rage amfanin alkama da kimanin kashi 6 cikin 100.

A ra'ayinmu, ga ƙasar Gombe da Bauchi, irin da ke fid da kai tsakanin kwana 50 zuwa 60 ya nuna tsakanin 85 zuwa 100 shi ne ya dace da faɗin sanyin da muke da shi.

Yaushe ke nan ya kamata a shuka?

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, kuma rabin farko ya fi. Lissafa daga baya: ana so ciki da bununi su faɗo a Janairu. Wanda ya shuka 20 ga Nuwamba da iri mai kwana 55, kai zai fito wajen 14 ga Janairu, bununi bayan 'yan kwanaki, girbi a makon ƙarshe na Fabrairu. Wanda ya shuka 1 ga Janairu, kansa zai fito wajen 20 ga Fabrairu, ƙwayarsa kuma ta cika a Maris, lokacin da zafin rana ke kai digiri 38 zuwa 40.

Garajen shuka a Oktoba ma asara ne. Ƙasa na da zafi, dare bai yi sanyi ba, tsiro ya tara ɗumi da wuri, ya fid da ɗan guntun kai a kan kara ɗaya tun bai yi 'ya'ya ba. A tuna kuma kwarin Gongola, inda Dadin Kowa take, ƙasa ce mai gangare da ɗumi. Sanyinta bai kai na tudun Bauchi ko na wajen Katagum daɗewa ba, don haka makara ta fi ciwo a can.

Shinkafa ta riƙe ni har ƙarshen Disamba. In shuka ko in bari?

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma maganinta na gaskiya yana damina: a dasa shinkafa mai gajeren zango da wuri don fili ya samu a Nuwamba. Idan an riga an makara, kuma ba a shiga Janairu sosai ba, a nemi iri mafi sauri da ake da shi. A ƙara yawan iri daga kilo 100 zuwa 120 da aka saba a hekta ya kai wajen 140, saboda tsiron ba zai samu lokacin 'ya'ya ba, uwar kara ce za ta ɗauki nauyin. A zuba takin ƙari da wuri. A matso da ban ruwa a lokacin cika ƙwaya, domin gona mai danshi ganyenta ya fi iskar da ke kewaye sanyi da digiri da dama. Duk da haka a sa rai da ragi. Bayan tsakiyar Janairu kuwa, kuɗin fetur da taki sun fi kyau a kan wani amfanin.

Ta yaya zan gane matakin da alkamata take, don taki da ruwa su zo daidai?

Kada a dogara da kalanda kaɗai, a duba tsiron. Tumɓuke guda biyar daga wurare dabam-dabam, ka zaɓi uwar kara, wato mafi kauri. Matsa ta da yatsu daga gindi zuwa sama. Idan ka ji wani ɗan ƙulli mai tauri kamar santimita ɗaya ko biyu sama da ƙasa, gaɓar farko ta fito. Tsaga karan a tsaye da reza, za ka ga 'yar zangarniya fara-fara, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, zaune a kan gaɓar. Daga nan buƙatar tsiron ta taki da ruwa take hauhawa.

Abin da aka saba bayarwa a hekta kimanin kilo 100 ne na naitirojin. Buhu 6 masu kilo 50 na NPK 15-15-15 lokacin shuka suna ba da kilo 45, sauran kuma buhu 2 da rabi na yuriya ya cike. Yuriyar ta shiga tsakanin mako na 3 zuwa fitowar gaɓar farko, a bi ta da ruwa nan take. Wanda ya jira sai ya ga kai ya fito sannan ya watsa yuriya ya makara ga yawan ƙwaya. Ban ruwa kowane kwana 7 zuwa 10, gwargwadon ƙasa: jigawa ta fi laka saurin bushewa. Idan mai ya yi tsada har sai an tsallake wani, kada a tsallake na lokacin 'ya'ya, na ciki, na bununi da na lokacin da ƙwaya ta yi nono. Ƙishirwa tana sa alkama ta gaggauta nuna, kamar yadda zafi ke yi. A daina ruwa idan ƙwaya ta yi tauri har farce ke barin shaida a jikinta ba ta fashe ba. Kuma bayan kai ya yi nauyi kada a cika fangali da ruwa ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, gonar za ta kwanta.

Gajartar kara ma daga waɗannan ƙwayoyin gado take?

A'a, wannan aikin wasu ne dabam, Rht-B1b da Rht-D1b, waɗanda suka fito daga wata alkamar Japan mai suna Norin 10. Ba su taɓa ranar fid da kai sosai. Abin da suke yi shi ne rage abincin da kara ke ci, zangarniya ta samu ƙari, ƙwaya ta yi yawa, gona kuma ta ɗauki taki ba ta kwanta ba. Amma suna da wani lahani da ya shafi mai shuka kai tsaye: kuben da ke rufe tsiron farko yana huda ƙasa ya zama gajere, ƙasa mai zafi kuma tana ƙara gajarta shi. Iri da aka binne santimita 8 ko 10 zai buɗe ganye a ƙarƙashin ƙasa ya mutu, ko ya fito a makare a raunane. Zurfin santimita 3 zuwa 5 ya isa, a layi mai tazarar santimita 20 zuwa 25.

Gonata ba ta fid da kai tare ba, wani ya bushe wani yana ɗanye. Irin ne ya lalace?

Alkama tana barbarar kanta ne tun furen bai buɗe ba, don haka iri ba ya sauya hali da kansa daga shekara zuwa shekara. Ana iya ajiye shi a sake shukawa, ba kamar masarar aure ba. Duba yadda rashin daidaiton yake. Idan fage-fage ne, nan ya riga can, to ƙasa ce: fangalin bai daidaita ba, tudu ya ji ƙishirwa ya yi sauri, kwari ya sha ruwa ya jinkirta. Idan kuwa tsiro-tsiro ne a cakuɗe, dogo kusa da gajere, mai gashi kusa da marar gashi, to iri ne ya gauraya, galibi a wurin sussuka, a injin casa ko a tsohon buhu.

Gyaransa shi ne a ware fangali biyu ko uku don iri. A shiga sau biyu, ranar da kai ya fara fita da kuma gab da girbi, a tumɓuke duk wanda ya riga, ya makara, ko ya fi sauran tsawo. A yanka su daban, a sussuke a kan tamfol mai tsabta kafin a taɓa sauran gonar. A shanya har ƙwaya ta riƙa karyewa ƙas a haƙori, sannan a zuba a buhu mai leda da ba ya shan iska, domin damina da ƙwari ne ke kashe irin alkama a ɗaki. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a sa a jiƙaƙƙen tsumma, idan ƙasa da 85 suka tsira cikin mako guda a ƙara yawan iri ko a sake shi. Bayan shekara uku ko huɗu a sayo sabo mai shaida.

Wannan ba shi ne irin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji ba?

Ba shi ba ne. Nau'o'in Vrn da Ppd da Rht da aka ambata duk a cikin alkamar manoma aka same su, aka haɗa su ta hanyar barbara tsakanin iri da iri. Abin da ɗakin gwaji ya ƙara shi ne sauri: yanzu ana yanko ɗan ganye daga tsiro mai mako biyu a duba ko yana ɗauke da Ppd-D1a ko Vrn-A1a, ba sai an jira ya fid da kai ba.

Me zai hana a shuka ta da damina, ruwa kyauta?

Ƙwayoyin gadonta ba za su hana ta fid da kai ba, amma daren damina ba ya sanyi, tsiron zai ruga da gudu, danshi kuma ya kawo cutar ganye da ta zangarniya. Inda ake gwada alkamar damina a Najeriya tuddai ne masu sanyi, kamar Jos da Mambila.

Ta yaya zan gwada sabon iri a gonata kafin in zuba masa kuɗi?

Fangali shida sun isa. Iri uku, har da wanda ka saba da shi, kowanne a shuka shi sau biyu: tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Taki ɗaya, ruwa ɗaya. A kafa tsinke da suna a kowane fangali, a rubuta abu huɗu: ranar shuka, ranar da rabin karan suka fid da kai, ranar da wuyan zangarniya ya zama rawaya, da nauyin abin da aka samu a kan sikeli. Auna da kwano kaɗai yana ruɗi, domin tsamurarriyar ƙwaya tana cika kwano ba nauyi. Ranar wuyan ya yi rawaya ita ce ranar da ƙwaya ta daina cika, don haka tazarar da ke tsakaninta da fid da kai ita ke nuna wane iri ya jure zafi. Wanda ya riƙe kwana 35 a shukar Disamba ya fi wanda ya faɗo 25, ko da sun yi kunnen doki a ta Nuwamba.

Abu ɗaya ke ɓata irin wannan gwaji: tsuntsu. Fangalin da ya riga kowa yin nono a duk fadamar, jan-baki zai taru a kansa, a ƙarshe a ce irin ne bai yi ba. A rufe fangalan gwaji da raga ko a sa mai tsaro tun daga bununi. Dalili ke nan ma da ya sa ya fi kyau maƙwabtan gona su haɗa baki su shuka cikin mako guda, da iri masu kwanaki kusa da juna, don ɓarnar ta rabu a kan kowa kuma ranakun sakin ruwa daga kwata su zo wa kowa daidai.